Mama Tana Mutuware, Yayana Yana Can Yana Shaidar Ta Warke

Admin ina gaisuwa, da ku duka 'yan wannan zaure manya da ƙanana. Don Allah a ɓoye sunana, akwai matan cocinmu a cikin nan, na sha ganin suna sa baki a maganganu. Shawara na zo roƙo, ku dubi Allah ku ba ni, kuma da gaggawa. Na san da yawa a cikinku Musulmi ne, ni Kirista ce, wasu al'amuranmu za su zo muku baƙi, zan bayyana iya iyawata. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma in ya gama zagin ya daure ya gaya min abin da zan yi.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce, ina zaune a Bwari da mijina da yaranmu uku, ina da rumfa a kasuwar Wuse inda nake sayar da acca da wake da gero. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Mama, ni da yayana, zan kira shi Yaya Luka duk da ba sunansa ba ne. Tun muna ƙanana Yaya ne ɗa a gidanmu, ni dai ina nan ne don a samu mai ɗebo ruwa. In ya yi atishawa Mama ta rikice, ni kuwa ko zazzaɓi ya kwantar da ni sai ta ce in tashi in hura wuta, zufa za ta kore shi. Ba wai Yaya mugu ba ne, ko kaɗan, mutum ne mai sanyin hali da ba ya iya yi wa kaza tsawa, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi, don ba ka samun inda za ka kama shi da laifi.

A 'yan shekarun nan da kuɗi suka shigo Abuja, kowane coci ya ɗora bene ya sa esi, sai gasar ta koma wa ya tura mai bishara ƙasa mafi nisa. Namu cocin ya tura Yaya wani tsibiri can ƙetaren teku, shekara uku ke nan. Ba a faɗin sunan wurin ko a kan bagadi, wato inda ake tsayawa wa'azi a gaban coci, domin hukumar can ba ta son masu wa'azi, a matsayin malamin Turanci ya shiga, kuma takardunsa irin waɗanda in ya fito kafin wa'adinsa ya cika ba zai sake shiga ba ne. Saboda tsaro lambarsa tana hannun mutum biyu kacal, ni da Madam Rifkatu. Ita ce uwar zumuntar mata kuma shugabar kwamitin mishan, babba ce a wata ma'aikatar tarayya, irin matan nan da ko gaisuwa suke yi sai ka ji kamar umarni ne. Duk Asabar da hantsi Yaya yakan hau wani tudu inda ake samun netwok ya kira mu. Shekara uku yana cikin masunta, yana cin kifi har ya gundure shi, ko mutum ɗaya bai karɓi bishara ba. Duk Lahadin mishan Madam za ta karanta wasiƙarsa a gaban jama'a, a ɗaga hannu a yi masa addu'a, a zagaya da kwandon baiko, wato sadakar coci, amma a bakin ƙofa sai ka ji mata suna cewa na cocin su wance da aka tura wata ƙasa har ya gina majami'a, namu kuwa sai labarin kifi. Madam tana jin wannan, kuma yana ci mata rai fiye da yadda take nunawa.

Farkon damina aka kawo min Mama daga ƙauye, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya. Aka yi hoto aka yi gwaje-gwaje, likita ya ja ni gefe ya ce ciwon daji ne a hanta kuma ya yi nisa, in akwai wanda take son gani a kira shi. A lokacin ban ɓoye wa Yaya ciwon ba, na dai ce masa ana magani. Ya yi kuka a waya, ya ce zai shiga azumi. Ashe maƙwabtansa sun lura ya daina cin abinci, har tsohuwar da yake haya a gidanta ta tambaye shi dalili, ya gaya mata, ita kuma ta ce to za su zuba ido su ga abin da Allahn nasa zai yi.

Ni kuwa na rufe rumfata, kwastomomin da na yi shekara goma ina tarawa suka koma wajen maƙwabciyata. Ni ce wanka, ni ce fo, ni ce juya ta a katifa don kada bayanta ya yi gyambo, ni ce ɗaukarta a baya zuwa bakin titi neman tasi in ranar asibiti ta zo, domin mota ba ta shiga layinmu da damina. Duk wannan, in Mama ta buɗe baki sunan mutum ɗaya ne a ciki. Na ba ta kunu ta ce Luka yana son irin wannan, na shafa mata mai ta ce ko Luka ya samu mai wanke masa kaya a can. Wata uku ban ji "sannu" daga bakinta ba, wallahi ko sau ɗaya.

Sai Madam ta shirya addu'ar warkarwa. 'Yan zumunta suka yi azumin kwana bakwai, rana ta bakwai da la'asar suka cika min falo, aka shafa wa Mama man zaitun a goshi da ciki, ana waƙa ana buga tulu, Madam ta ɗora mata hannu tana tsawata wa ciwon. Jama'a, zan faɗi gaskiya ko da ba za ku yarda ba, Mama ta tashi. Matar da ta yi sati biyu ba ta zama da kanta ta tashi zaune ta ce a dama mata gwaten acca, ta shanye kwano guda, ta taka da ƙafarta har bakin get tana gaisa da maƙwabta. Ni ma na yi kuka, ni ma na ba da gaskiya. A nan take Madam ta ciro waya ta ɗauki muryarta tana cewa, "Luka, na warke, Yesu ya taɓa ni." Ranar Lahadi aka ɗauke ta a jif ɗin Madam, aka raka ta da rawa har gaban bagadi ta ba da shaida, coci ya ɗauki guɗa.

Aka tura wa Yaya muryar. Ya tara maƙwabtansa ya kunna musu yana fassarawa, kuma a satin tsohuwar nan ta shigo ɗakinsa lokacin addu'a ta zauna a bakin ƙofa. Bayanta 'yarta ta biyo, sai mijin 'yar, sai wasu masunta. Da Madam ta karanta wannan wasiƙar a coci sai da ta tsaya ta share hawaye, matan da ke gulma a bakin ƙofa su ne a gaba wajen rawa, kwandon mishan ya cika har aka nemo na biyu.

Kwana goma da addu'ar Mama ta sake kwantawa, kuma wannan karon ya fi na da muni. Na kira Madam na ce ya kamata a sanar da Yaya. Ta zo da kanta, ta ja ni bayan gida wajen igiyar shanya, ta ce min ba a janye shaida. A wurinmu in mutum ya tsaya gaban ikilisiya ya ce Allah ya warkar da shi, to komawa ya ce ba haka ba kamar mayar da Allah maƙaryaci ne, abin da ake gani a jiki alamu ne kawai na Shaiɗan, ba a furta su da baki. Ta ce kuma in na kuskura na gaya wa Luka zai tattara kayansa ya taho, ba zai sake shiga ƙasar ba, mutanen da suka fara zuwa su watse su ce ƙarya aka yi musu, shin rayuka nawa nake so in ɗauka a wuyana saboda tsohuwar da ta riga ta san inda za ta. Haka ta faɗa, a bayan tagar ɗakin da Mama take kwance.

Da zan iya, da na ɗora wa Madam komai na huta, kuma na san a nan wasunku za su fara zaginta. Ku dakata tukuna, nawa yana gaba.

Duk Asabar kafin waya ta shigo sai in jingina Mama da filo, in ba ta ruwa ta jiƙa maƙogwaro, in tuna mata abin da za ta ce. Tana bi, don an tsorata ta cewa ƙorafi rashin bangaskiya ne. Ta ce masa tana cin abinci, ta ce masa jiki da sauƙi. Wata Asabar sai na ji muryarta ta canza, ta fara cewa, "Luka, in da hali ka..." ban bari ta ƙarasa ba na fizge wayar na kashe. Na ce mata netwok ne ya ɗauke. Ta dube ni ta dubi wayar.

Ranar da abin ya faru Talata ce da tsakar rana, ba wuta, ɗakin kamar tanda. Na gama canza mata zanen gado ke nan ta sake ɓatawa, karo na uku tun safe, ga ba ruwa a famfo sai wanda na saya wajen mai kura. Na ɗaga ta da ƙarfi, na yarda da ƙarfi na ɗaga ta, har ta yi ƙara. Sai ta ce da Luka yana nan da ba a jefa ta kamar buhun wake ba, ta ce Allah ya ba ta ɗa mai tausayi ya kai shi nesa, ya bar mata mai zuciyar dutse. Ban san lokacin da na ajiye bokitin ba. Na tsaya a kanta na ce:

"Mama, ai na gaya masa. Tun satin da ya wuce na gaya masa likita ya ce kwananki kaɗan ne. Ya ce ba zai bar aikin Allah saboda ke ba, ya ce in lokaci ya yi mu binne ki kawai."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Luka ne ya faɗi haka da bakinsa?"

Na ce e, da bakinsa. Kuma tunda na zo faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka, na ji daɗi. Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina da na ga fuskarta ta faɗi, na ce a raina yau dai ki ɗanɗana. Na gama wanke ta, ta juya ta fuskanci bango. Daga ranar sunan Luka bai sake fita daga bakinta ba. Da Asabar ta zo na kai mata waya ta ture hannuna, sai na ce wa Yaya ta tafi koyon waƙar zumunta, shi kuma ya yi dariya ya ce ashe tsohuwa ta samu ƙafa.

Kada ku ɗauka ban samu damar gyarawa ba, kwana goma sha biyu ta ƙara a duniya. Ranar Alhamis na shirya tsaf, na durƙusa a gaban katifarta zan ce Mama ƙarya na yi miki. Kafin in buɗe baki ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce ashe duk shekarun nan ta yi makanta, ashe ni ce ɗanta, ni ce 'yarta, ta roƙe ni gafara, ta sa min albarka tun daga kaina har jikokin da ban gani ba. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin irin wannan daga bakin uwata ba. Na haɗiye maganar. Na ce gobe zan faɗa, goben ta zo na ce jibi, ita kuma kullum tana kirana da sunan da take kirana ina ƙarama, har tana ce wa masu dubiya su gode min. Na san albarkar ba tawa ba ce, ta Yaya ce na sata, amma na kasa mayarwa.

Saura kwana huɗu ta rasu ƙanenta Kawu Danjuma ya zo daga ƙauye da wani dattijon gidanmu. Ta sa aka zaunar da ita, ta ce su zama shaida, ta ce ɗanta ya ji tana bakin mutuwa ya ce a binne ta kawai, to ita ma ta yafe shi. Kada ya taɓa akwatinta, kada ya zuba mata ƙasa. A al'adarmu ɗan fari namiji shi ne ke fara zuba ƙasa a kabarin uwarsa a gaban dukan gari, kuma wanda uwa ta hana wannan ya gama yawo, ba mai sake ba shi wurin zama a taron dangi, ba cocin da zai bar shi ya hau bagadi a yankinmu, har 'ya'yansa abin zai bi. Kawu ya juyo ya tambaye ni ko da gaske Luka ya faɗi haka. Mama tana riƙe da hannuna a lokacin. Na gyaɗa kai.

Ta rasu da safe, ina dama mata kunu a kicin, ban ma ji fitarta ba. Muka kai ta mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti. A wurinmu ba a binne uwa sai ɗan fari ya iso, kuma Kawu ya ce ko da an hana shi zuba ƙasa dole ya zo ya tsaya a gaban dangi ya ji saƙon uwarsa da kunnensa, don ya zama darasi ga masu ɗaukar kansu sun fi kowa sanin Allah. Kawu ba shi da lambar Yaya, ni na ce masa na sanar da shi yana neman takardun fitowa. Yau sati shida ke nan Mama tana cikin firji, duk bayan kwana biyu Kawu ya kira yana zagin Yaya, ni kuma ina ba shi haƙuri kamar mutumiyar kirki.

A coci kuwa Madam ta riga ta gyara labarin. Ta tsaya ta ce Ubangiji ya warkar da Mama, ya ƙara mata kwanaki don shaida ta tafi ƙetare ta yi aikinta, sannan ya kira ta gida inda warkarwa take cika, aka ce amin. Baba Fasto ya bar maganar sanar da Yaya a hannun kwamiti, kwamiti kuma Madam ce, ta yanke cewa sai bayan an yi wa mutanen can baftisma, wato nitsar da sababbin masu bi cikin ruwa. Ba wanda ya san abin da na gaya wa Mama, har mijina. Shi dai yana ganin na rame na daina cin abinci, yana cewa rashin uwa ne, har yana ba abokansa labarin yadda na yi jinya.

Duk Asabar sai na ƙirƙiro sabuwar ƙarya. Mama ta je ƙauye duba gona, Mama tana barci, Mama ta bi maƙwabciya suna. Yaya ba ya zargin kowa, haka Allah ya yi shi, sai dai ya ce in gaishe ta, in tabbatar tana shan ruwa da yawa, in hana ta ɗaukar kaya mai nauyi. Rannan har ya ce min, ƙanwata Allah ne kaɗai zai biya ki, ke kika riƙe mana gida ni ina nan ina cin kifi. Na ajiye wayar na shiga banɗaki na yi amai.

Satin da ya wuce na kasa jurewa na je ofis ɗin Madam. Na zauna awa biyu a wajen sakatariya kafin a shigar da ni. Ban gaya mata ƙaryar da na yi wa Mama ba, na dai ce ni na gaji, zan sanar da Yaya cewa uwarsa ta mutu. Ta cire tabarau ta ce wa ya taɓa ce min in yi ƙarya, ita dai ta ba da shawarar a jira lokacin Ubangiji, waya kuma a hannuna take ba a nata ba. Ta ce in na ɓata baftismar nan da mata suka yi shekara uku suna tara mata baiko, wasu daga kuɗin cefanensu, za ta tsaya a gaban ikilisiya ta ce ni na ɓoye wa ɗan'uwana ciwon uwarsa, kuma mu ga wanda za a yarda da shi tsakanin ita da mai sayar da wake. Daga nan ta danna ƙararrawa ta ce a kawo min lemo mai sanyi, ta tambaye ni lafiyar yara.

To abin da ya sa na rubuto yau shi ne wayar Asabar da ta wuce. Ban taɓa jin Yaya cikin murna irin haka ba. Ya ce Lahadin nan mai zuwa za a yi baftismar, mutum tara, a bakin teku. Ya ce ya aro kwamfuta wajen wani malamin makarantarsu, zai hau da su tudu bayan an fito daga ruwa a yi kiran bidiyo, don suna so su ga matar da Allah ya tayar da idonsu, su gaishe ta. Tsohuwar nan mai gidansa, da aka ce ta zaɓi sunan baftisma, ta ce ba ta son kowane suna sai na Mama, har ta koyi faɗinsa, ya sa ta a waya ta faɗa min ina ji tana ta dariya. Ya roƙe ni, ko Mama tana ƙauye in je in ɗauko ta, in sa mata zanen zumunta da ɗankwalinta ta fito tsaf. Zanen yana cikin jakar da na haɗa ta suturar gawa, don da shi ake binne 'yan zumunta, na riga na wanke na goge. Na ce masa to Yaya, ba damuwa.

Jama'a, ga inda na tsaya. In na gaya masa kafin Lahadi, na san yayana, ba zai iya shiga ruwa da mutanen nan a kan shaidar da ya san ta rushe ba, zai tara su ya faɗa musu gaskiya, kuma ban san me tsohuwar nan za ta yi da sunan matar da ke cikin firji ba. In na yi wata dabara Lahadi ta wuce, to na bar shi ya yi aikin da ya fi kowane girma a rayuwarsa a kan ƙaryata, kuma wata rana zai lissafa kwanakin ya gane. Akwai kuma hanya ta uku, ita ce Shaiɗan yake raɗa min kullum, in gaya masa mutuwar kawai in yi shiru a kan sauran. Ya dawo, Kawu ya tsayar da shi a gaban gari ya faɗa masa saƙon uwarsa, ya rantse bai taɓa cewa haka ba, a juyo a tambaye ni, in sake gyaɗa kai. Kowa zai yarda da ni, ni ce na yi jinya. Ina jin kunyar rubuta wannan amma na auna ta, kuma ba sau ɗaya ba.

Ko na fito na tona kaina ma ban san ko zai cece shi ba. Na ɗan gwada Kawu da wasa, na ce in aka gano Mama ba ta fahimci maganar Luka daidai ba fa, ya ce min magana ta riga ta fita a gaban shaidu, mai ita ta tafi, ba mai rai da zai warware abin da gawa ta ɗaure. Shi ya sa nake tambayarku, malamai da fastoci da iyaye mata da ke cikin nan, bakin uwa yana kama ɗan da bai yi laifi ba in an gina shi a kan ƙarya? Albarkar da ta sa min fa, tana nan ko ta koma wani abu? Wa zan fara gaya wa, Yaya, ko Kawu, ko mijina da zai iya kora ta in ya ji irin matar da yake kwana da ita? In faɗa kafin baftisma ko bayanta? Kuma in akwai wanda ya san kalmomin da ake fara irin wannan magana da su, don Allah ya rubuto min su in haddace, domin Yaya zai yafe min ɓoye ciwon, na san shi, zai ma iya yafe min sati shidan nan. Abin da ban san ta yadda zan faɗa masa ba shi ne uwarsa ta mutu tana ƙinsa, kuma ni na sa.